Yadda iyali za su tsara kuɗinsu a Kanada tun daga watan farko

A wani watan Yuli, matar wani abokina da muke sallar Juma'a tare ta kira maiɗakina hankalinta a tashe. Kuɗin yara da suka saba gani a asusu wajen 20 ga wata bai shigo ba, ga haya saura kwana goma. Da yamma muka je gidan. Maigidan ya zazzage wata leda cike da wasiƙu a kan kafet, wasu ko buɗe su ba a yi ba, muka shiga bin su ɗaya bayan ɗaya, autansu na ta jan ambulan yana kaiwa baki. Ba mu daɗe ba muka gano inda gizo ke saƙa. Shi ya cike takardar harajinsa tun cikin Maris, ita kuwa ba ta cike ba, don a tunaninsu wadda ba ta aiki ba ta da abin da za ta gaya wa hukumar haraji. Daga baya an biya su abin da aka riƙe, amma sai da suka yi makonni suna cefane da katin bashi.

Abin ya tsaya mini a rai, domin ba lalaci ba ne ya jawo musu, ba kuma almubazzaranci ba. Bawan Allah yana aikin dare a gidan ajiyar kaya, ya dawo da asuba ya kai yara makaranta. Abin da ya ɓace musu shi ne, a Kanada kuɗin iyali ta ƙofa biyu yake shigowa, ƙofar gumi da ƙofar takarda. Mu da muka taso ba mu saba tsammanin komai daga gwamnati ba, ta farko muka iya, ta biyun muke bari a rufe. Ga yadda nake shawartar duk wanda ya sauka da iyalinsa ya bi lamarin, kuma jerin yana da muhimmanci, kada a tsallake na gaba a faɗa na baya.

Mataki na 1: Lamba da asusu

A makon farko ku je ofishin gwamnati na Service Canada ku karɓi lambar SIN, wato lambar shaidar mutum ta aiki da haraji. Lambobi tara ne, kyauta ake bayarwa, kuma ba a aiki ko karɓar tallafi sai da ita. Ku karɓar wa kowa, har jinjiri, za ku ga amfanin na yaran nan gaba kaɗan. Wanda ya shigo da izinin aiki ko na karatu, lambarsa da 9 take farawa, kuma tana ƙarewa tare da izinin, don haka duk lokacin da aka sabunta izini a koma a sabunta ta. Wurin aiki da banki da hukumar haraji su ne masu haƙƙin jin wannan lamba. Mai gidan haya ba dole ba ne ku ba shi, balle wanda ya kira a waya.

Sai banki. Manyan bankuna irin su RBC, TD, Scotiabank, BMO da CIBC duk suna da tsarin sababbin zuwa, inda suke yafe kuɗin wata-wata na wani lokaci, galibi shekara guda. Ku rubuta ranar da rangwamen zai ƙare. Daga ranar za a fara cire muku kuɗi kowane wata, sai dai in kuna barin wani adadi a kwance a asusun. In ba za ku iya ba, akwai irin su Tangerine da Simplii da ke aiki ta intanet, ba sa cajin kuɗin wata. Ajiyar da ke bankin da ke ƙarƙashin hukumar CDIC tana da kariya har dala 100,000 a kowane rukunin asusu, ko da bankin ya durƙushe.

Shawarata, a buɗe asusu ɗaya na haɗin gwiwa don haya da cefane, sannan uwargida ta samu nata na kanta da sunanta. Wannan ba raba kan gida ba ne. Ranar da maigida ya kwanta asibiti, ko tafiya ta kama shi zuwa gida, ita za ta riƙe ragamar komai, kuma bankin nan bai san “matar wane” ba, sunan da ke rubuce kawai ya sani.

Mataki na 2: Takardar haraji, miji da mata, kowace shekara

Nan ne zan fi daɗewa, domin nan aka fi asara.

Shekarar haraji daga Janairu zuwa Disamba take. Kafin ƙarshen Fabrairu wurin aiki zai ba ka takardar T4, mai nuna abin da ka samu da abin da aka cire. Ranar ƙarshe ta miƙa wa hukumar haraji, wato CRA, takardar haraji ita ce 30 ga Afrilu. Wanda ake bi kuɗi kuma ya makara, tarar kashi 5 cikin 100 ce ta abin da ake bin sa, da ƙarin kashi 1 kowane wata har wata 12. Amma ba tarar ce ta fi damuna ba. Takardar nan ita ce mabuɗin kusan duk wani tallafi, shi ya sa kowane baligi a gida zai cike tasa, ko da sisi bai samu ba a shekarar. Sifili ma amsa ce, kuma hukuma tana jiran ta.

Babban tallafin shi ne kuɗin yara na CCB, wanda aka fara a Yulin 2016. Ba a cire masa haraji, ana biya wata-wata, kuma shekararsa daga Yuli zuwa Yuni take, ana lissafa shi da jimillar abin da miji da mata suka samu a shekarar da ta gabata. Daga Yulin 2025 zuwa Yunin 2026, mafi yawan abin da ake bayarwa shi ne dala 7,997 a shekara ga yaron da bai kai 6 ba, da dala 6,748 ga mai shekara 6 zuwa 17. A lissafin wannan shekarar, iyalin da samunsu bai wuce dala 37,487 ba suna karɓar cikakke, daga nan yana raguwa a hankali. Mai 'ya'ya uku ya yi lissafi da kansa ya ga abin da takarda ɗaya za ta iya tsayarwa.

Sabon zuwa ba sai ya jira Afrilu ba. Mai takardar zaman dindindin zai iya cike fom RC66 da zarar ya sauka. Mai izinin aiki ko karatu kuwa sai ya yi wata 18 a jere a ƙasar, kuma izininsa yana da rai a wata na 19. Yawanci asusun uwa ake tura kuɗin, domin hukuma ita take ɗauka a matsayin mai rainon yara. Za a tambayi abin da kuka samu a ƙasarku kafin ku zo. Ku faɗi gaskiya, ku juya shi zuwa dalar Kanada.

Takardar harajin ce kuma ke buɗe rangwamen harajin saye da ake biya sau huɗu a shekara, da tallafin larduna irin na Ontariyo da Alberta, da tsarin kula da haƙori na tarayya ga iyalin da samunsu bai kai dala 90,000 ba kuma ba su da inshorar haƙori. Kuɗin da kuka biya gidan raino ana cire shi daga abin da za a ɗora wa haraji, har dala 8,000 ga yaron da bai kai 7 ba, da 5,000 ga mai 7 zuwa 16, kuma yawanci wanda samunsa ya fi ƙanƙanta a cikinku ne zai nema. Saboda haka ku karɓi rasit. Ku tanadi akwati ɗaya na takardu, domin ana so a ajiye su shekara shida.

In samunku bai da yawa kuma lissafinku bai da sarƙaƙiya, ba sai kun biya kowa ba. A watannin Maris da Afrilu akwai 'yan sa-kai da CRA ke horarwa, suna zama a ɗakunan karatu da cibiyoyin sababbin zuwa da wasu masallatai, suna cike wa mutane kyauta. Ku guji mai cike takarda da ke alƙawarin “zan fito maka da kuɗi da yawa” kafin ya ga ko rasit ɗaya. In ya cusa ƙarya, sunanka ne a ƙasan takardar, kai za a bi.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Da yawa daga cikinmu kan tura yaro gida wajen kakanni ya yi shekara biyu ko uku, ya samu karatun addini da tarbiyya. Niyya ce mai kyau. Sai dai sharaɗin CCB shi ne yaron yana zaune tare da kai. In ya tafi da zama, ku sanar da hukuma. In ba haka ba, ranar da aka gano, duk abin da aka biya za a ce ku mayar.

Mataki na 3: Kasafi a kan abin da ke shiga hannu

Albashin da ke jikin takardar ɗaukar aiki ba shi ke sauka a asusu ba. Za a cire harajin tarayya da na lardi, da kashi 5.95 cikin 100 na fanshon CPP, da kuɗin inshorar rashin aiki ta EI. Ku jira takardar albashin farko ku gina lissafi a kanta. Yawancin wurare duk mako biyu suke biya, wato sau 26 a shekara. Ku tsara rayuwa kamar sau biyu ake biya a wata. Za a samu watanni biyu a shekara da albashi ke zuwa sau uku, waɗannan biyun ajiya ce, ba kuɗin kashewa ba.

Farashin da ke jikin kaya a kanti ma ba shi za ka biya ba. A Ontariyo ana ƙara kashi 13 cikin 100 a wurin biya, a Alberta kashi 5. Ɗanyen abinci irin shinkafa, madara, nama da kayan miya ba a ɗora musu, abincin gidan abinci kuwa ana ɗorawa. Tukunyar gida tana cin riba sau biyu ke nan. Ku riƙa duba takardun rangwamen kantuna da ke fitowa kowane mako, kuma ku nemi gidaje uku ko huɗu ku yi watanda: a haɗa kuɗi a sayi rago ko rabin sa a wurin masu yankan halal, a raba, kowa ya zuba a firiza. Ƙaramar firiza ta hannu tana mayar da kuɗinta cikin 'yan watanni.

Haya ce za ta ci kaso mafi girma, don haka ku san dokar lardinku. A Ontariyo abin da mai gida zai iya riƙewa shi ne kuɗin watan ƙarshe, ba shi da ikon karɓar kuɗin “ko za a ɓata gida”. Lardin yana kuma ƙayyade ƙarin haya kowace shekara, kashi 2.5 a 2025, amma ƙa'idar ba ta hau kan gidajen da aka fara zama cikinsu bayan 15 ga Nuwamban 2018 ba. Kafin ka sa hannu a sabon bene mai sheƙi, tambayi shekarar da aka fara shigarsa. Sannan a ware wa hunturu nasa layi: rigunan sanyi, takalma, tayoyin ƙanƙara, kuɗin ɗumama gida. Rigar baɗi a saye ta a Maris lokacin da kantuna ke karya farashi, a ɗauko mai ɗan girma.

Kada kuma ku gina kasafi a kan labarin wanda ya zo shekara biyar da suka wuce. Kuɗin rangwamen harajin hayaƙi, wato harajin da ake ɗora wa man fetur da gas, da iyalai suka saba karɓa sau huɗu a shekara, an biya na ƙarshe a Afrilun 2025. A Yulin shekarar kuma aka rage matakin farko na harajin tarayya daga kashi 15 zuwa 14. Abubuwa suna canzawa, shafin gwamnati ne wurin tabbatarwa.

Yanzu ga layin da ba za ka gani a kasafin Bature ba: kuɗin gida. Iyaye haƙƙi ne, ba na jayayya a kai. Abin da ke karya mutane shi ne aike marar tsari. Yau ƙani ya kira kuɗin makaranta, jibi bikin 'yar gwaggo, gata an kwantar da wani, kai kuma kunya ta hana ka cewa babu. In aka juya dala zuwa naira ko sefa sai ta yi kama da dukiya, alhali hayarka da dala kake biya. Ku zauna ku biyu ku yanke adadi ɗaya na wata, a sa iyayen miji da na mata a ciki, a tsayar da rana. Sai wani ɗan ƙaramin asusu da ake zuba wa kaɗan-kaɗan don azumi, layya da larurar dangi. In ya ƙare, ya ƙare, ka faɗa da ladabi cewa sai wata mai zuwa. Wanda ya san ranar da saƙonka ke zuwa ya fi samun natsuwa a kan wanda ke jiran sa'a. Wajen aikawa, kada ka tsaya kan kuɗin aike kawai, duba nawa ne zai shiga hannun Hajiya a can, domin a farashin canji ake ɓoye riba. Kuma kada ka taɓa aika kuɗin da ka ciro daga katin bashi.

Zakka da sadakar da aka bayar ta hannun ƙungiyar agaji mai rajista a Kanada ana ba da rasit, kuma yana rage haraji. Wadda ka tura wa ɗan'uwa kai tsaye ba ta da wannan, ladanta dai yana wurin Allah.

Mataki na 4: Katin bashi, ba tare da cin bashi ba

A gida mutunci da shaidar jama'a ke sa a yarda da kai. A nan maki ne na yadda kake biyan bashi, daga 300 zuwa 900, wanda kamfanonin Equifax da TransUnion ke tarawa. Mai gidan haya yana dubawa, kamfanin waya yana dubawa, mai ba da bashin mota ko gida yana dubawa. Sabon zuwa ba shi da tarihi ko kaɗan, kuma katin cire kuɗinka na banki ba ya gina shi.

Na san da yawa suna ƙyamar katin saboda riba, kuma damuwarsu tana kan hanya. Ga yadda yake aiki, kowa ya je ya tambayi malamin da ya yarda da shi. Doka ta ba da aƙalla kwana 21 bayan fitowar takardar wata. In ka biya duk abin da ka kashe kafin ranar, ba a ɗora maka kuɗin ruwa ko sisi a kan sayayya. In ka biya ɗan mafi ƙarancin da suka rubuta kawai, sauran zai fara haihuwa da kusan kashi 20 cikin 100 a shekara. Bashin dala 3,000 yana cin kusan dala 50 kowane wata, uwar kuɗin tana nan ba ta motsa ba. Ciro tsabar kuɗi da katin kuwa ba shi da kwanakin alfarma, daga ranar ruwa ke fara hawa.

Abin yi: karɓi kati ɗaya marar kuɗin shekara. Ɗora masa abu biyu da dole ka biya ko da babu shi, kamar kuɗin waya da man mota. Sa banki ya riƙa biyan cikakken adadin da kansa kowane wata. Kada abin da ke kan katin ya wuce kashi 30 cikin 100 na iyakar da aka ba ka. In an hana ka kati, nemi irin wanda ake ajiye jingina, ka ba su dala 500 su ba ka iyakar 500. Uwargida ma ta yi nata da sunanta, domin makin miji ba ya zama na mata.

Shagunan bashin “kafin albashi” da ke kusan kowace kwana, ku yi nesa da su. Tun Janairun 2025 doka ta ƙayyade dala 14 a kan kowace 100, abin kamar kaɗan, amma na mako biyu ne, in aka miƙe shi shekara ya kai kashi 365 cikin 100. Haka dillalin mota da ke tambayar “nawa za ka iya biya duk mako biyu?” Tambaye shi jimillar kuɗin da yawan shekarun. Kafin ka zaɓi mota ma, fara jin farashin inshorarta, domin a wasu biranen Ontariyo inshorar sabon direba tana iya kamo kuɗin motar na wata.

Mataki na 5: Kuɗin ko-ta-kwana

Kafin a yi maganar jari, a tara abin da zai riƙe gida wata uku. A fara da dala 1,000, a ci gaba. A cikin lissafin a sa kuɗin tikitin gaggawa zuwa gida, domin kiran da ba a so yana zuwa ba sallama. EI tana taimakawa in aiki ya tsaya, amma kashi 55 cikin 100 na albashi take biya, shi ma da iyaka. Hutun haihuwa haka yake, mako 15 ga uwa, sannan makonnin raino da iyaye za su iya rabawa, da sharaɗin an yi awa 600 na aiki mai inshora. Lardin Kebek yana da nasa tsarin daban.

Adashi yana nan da ransa a tsakaninmu, kuma ina ganin amfaninsa wajen tilasta wa mutum zubi. Amma kwasarka tana da rana, larura kuwa ba ta da ita, kuma ba ya ƙara maki ko ɗaya. A yi shi da waɗanda aka sani, a rubuta, kada ya maye gurbin ajiyar banki.

Mataki na 6: Asusun karatun yara

Nan lambar SIN ta yara ke aiki. RESP asusu ne na karatun gaba da sakandare. Duk abin da kuka zuba, gwamnati tana ƙara kashi 20 cikin 100 a kan dala 2,500 na farko a shekara, wato 500 ga kowane yaro, har jimillar 7,200 a rayuwarsa. Dala 2,500 a shekara kusan 208 ce a wata. In ba ta samu ba, 50 ma tana jawo 10. Shekarar da aka rasa ana iya ramawa, amma ta shekara ɗaya-ɗaya: ka zuba 5,000, a ba ka 1,000. Wanda ya zo da yaro ɗan shekara 12 ko 13 kada ya yi jinkiri, domin akwai sharuɗɗa na musamman a shekara 16 da 17 da suka dogara da abin da aka zuba kafin nan.

Ga iyali masu ƙaramin ƙarfi akwai wani tallafin da ake kira CLB, dala 500 da farko, sannan 100 kowace shekara har yaro ya kai 15, jimilla 2,000. Ba a buƙatar ku zuba ko sisi, buɗe asusun kawai. Yana ba ni takaici in ga gidan da ya cancanta bai nema ba.

Hattara da wakilan da ke zuwa har falo bayan haihuwa, wani lokaci ma ɗan'uwa ne mai jin yarenku, suna tallar tsarin rukuni. Irin wannan yana ɗaure ka da zubi na dole shekara da shekaru, ana kwashe kuɗin dillanci daga zubin farko, in ka gaza a tsakiya ka yi asara. Ku je banki ko kamfanin zuba jari ku buɗe na iyali, wanda za ku zuba yadda kuka samu, ku tsaya in abu ya matse.

Mataki na 7: TFSA, RRSP da FHSA, wanne za a fara?

Duk ukun asusun ajiya ne masu sassaucin haraji, kamar tukwane suke, kai ke zaɓar abin da za ka dafa a ciki. Ba dole ba ne ya zama ajiya mai kuɗin ruwa. Ana iya sa hannun jarin da aka tace bisa shari'a, kamar wanda Wealthsimple da Manzil ke bayarwa.

In wurin aikinka yana ƙara maka a kan abin da ka zuba na fansho, fara da wannan, ka karɓi cikakken ƙarin, domin wani ɓangare ne na albashinka.

TFSA, wanda aka fara a 2009, duk ribar da aka samu a cikinsa ba haraji, kuma ana cirewa kowane lokaci. Iyakar 2025 dala 7,000 ce. Ga tarkon sababbin zuwa: za ka ji ana cewa mutum yana da sarari, wato damar zuba kuɗi, fiye da dala 100,000, wannan na wanda yake ƙasar tun 2009 ne. Naka daga shekarar da ka zama mazauni yake farawa. Abin da ka cire kuma sai 1 ga Janairu mai zuwa sararinsa ke dawowa. Wanda ya wuce iyaka ana cin sa tarar kashi 1 cikin 100 kowane wata.

RRSP na ritaya ne. Sararinsa kashi 18 cikin 100 ne na abin da ka samu bara, saboda haka a shekararka ta farko babu shi. Abin da ka zuba ana cire shi daga samunka na shekarar, sai ranar cirewa a biya haraji. Ana yawan cewa mai matsakaicin albashi ya bar shi, amma mai yara ya sake lissafi. A lissafin Yulin 2025 zuwa Yunin 2026, in samun iyali yana tsakanin dala 37,487 da kusan 81,000, CCB yana raguwa da kashi 13.5 cikin 100 na abin da ya haura 37,487 ga mai yara biyu, kashi 19 ga mai uku, kashi 23 ga mai huɗu zuwa sama. Ke nan mai 'ya'ya uku da ya zuba dala 1,000 a RRSP, ban da ragin haraji, kuɗin yaransa na shekara mai zuwa zai ƙaru da 190. Zubin da aka yi cikin kwana 60 na farkon shekara ana iya lissafa shi a shekarar da ta wuce.

FHSA na mai niyyar sayen gidan farko ne, an fara shi a Afrilun 2023. Dala 8,000 a shekara, 40,000 gaba ɗaya, yana rage haraji wajen zubawa, kuma ba haraji wajen cirewa in gida za a saya. Sararinsa ba ya fara taruwa sai an buɗe asusun, don haka mai wannan niyya ya buɗe ko da da ɗan kaɗan ne. Mafi ƙarancin kuɗin gaba na sayen gida kashi 5 ne na dala 500,000 ta farko, da kashi 10 na abin da ya hau. Ni dai ban ga dalilin gaggawa ba. Haya ba abin kunya ba ce, kuma gidan da ya cinye kuɗin cefane da na iyaye bai zama hutu ba.

Mataki na 8: Aikin gefe da dukiyar da aka baro

Mai ɗaukar fasinja da Uber, ko mai yin dambun nama da kitso a gida, mai sana'ar kansa ne a idon hukuma. Ba wanda ke cire masa haraji, kuma shi zai biya kason CPP duka biyu, na ma'aikaci da na wurin aiki. Ya ware kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duk abin da ya shigo a wani asusu daban, ya riƙa rubuta tafiyar mota da rasit ɗin mai. Yana da har 15 ga Yuni ya miƙa takarda, amma kuɗin da ake bin sa 30 ga Afrilu ne wa'adinsu. Masu ɗaukar fasinja dole su yi rajistar harajin saye tun daga dalar farko.

Mazaunin Kanada yana bayyana samunsa na duk duniya, har da hayar shagon da ya bari a Kano ko Maraɗi. In kuɗin sayen dukiyar da ke waje ya haura dala 100,000, ban da gidan da kai kanka kake sauka, akwai fom T1135, sai dai ba a nemansa a shekarar farko ta zama. Mai shigowa da tsabar kuɗi dala 10,000 ko fiye ya bayyana a filin jirgi. Ba laifi ba ne ɗauko su, ɓoyewa ce laifi.

In an kira ku a waya aka ce daga CRA ne, za a kama ku ko a kore ku daga ƙasa in ba ku biya yanzu da katin kyauta ko kuɗin kirifto ba, ku kashe wayar. Hukumar ba ta karɓar kuɗi ta wannan hanya. Ku shiga asusunku na CRA ta intanet ku duba da idonku.

Mataki na 9: Wasiyya

Mutum ya rasu a nan ba wasiyya, dokar lardi ce za ta raba abin da ya bari, ba rabon gado na Musulunci ba, kotu kuma ita za ta duba wanda zai riƙe yara in iyaye biyu sun tafi. Ku samu lauya a lardinku, miji da mata kowa ya rubuta tasa, ku ambaci wanda kuke so ya riƙe 'ya'yanku, ku fara neman yardarsa. Ku duba sunan magajin da kuka rubuta a RRSP da TFSA da inshorar wurin aiki, domin a yawancin larduna wannan sunan ake bi kai tsaye, ba abin da ke cikin wasiyya ba. Kabari da jana'iza a nan dubban daloli ne, ku tambayi masallacinku ko suna da asusun jana'iza ku shiga. Sannan a rubuta sunayen bankuna, lambobin asusu da inda takardu suke a takarda ɗaya, a sa a akwatin nan na rasit, uwargida ta san wurin, wani amintacce ɗaya a wajen gida shi ma ya sani.